Tafiyar Da Ba Ta Komo Gida Ba: Sharhi Kan Littafin David Grossman Na Makokin 'Ya'ya

Shekara tara ke nan ina karanta sanarwa a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Damagaram. Bayan labarun dare ake miƙo mini takardun: ɗaurin aure, zanen suna, cigiyar dabba, sai kuma rasuwa. Na karanta rasuwar alhazai da limamai, ta tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa da jerin 'ya'ya da jikokin da ya bari. Amma in zan ƙirga sanarwar rasuwar ƙaramin yaro da ta biyo ta hannuna, yatsun hannuwana sun isa. Alhali duk wanda ya taɓa kwana a likita cikin damina, sa'ad da masassarar cizon sauro take kan ganiyarta, ya san yara suna mutuwa. Ana dai naɗe su a tabarma da hantsi, kafin la'asar uban ya koma bakin rumfarsa, uwar kuwa a ce mata ta yi haƙuri, ƙuruciya gare ta, Allah zai kawo wani.

Wannan ne ya sa wani ɗan littafi ya tsaya mini a rai tun daren da na karanta shi. Wani abokina ne ya zo mini da shi daga Yamai, fassarar Faransanci ta 2012 mai suna Tombé hors du temps, wato wanda ya faɗo daga cikin lokaci. Asalinsa da Ibrananci aka rubuta shi, ya fito a 2011. A ƙarƙashin sunan an rubuta cewa labari ne na muryoyi. Ni kuwa murya ce abincina, shi ya sa na buɗe.

Marubucin, David Grossman, Bayahude ne haifaffen birnin Ƙudus a 1954. Tun yana yaro yake shiga wasannin kwaikwayo a gidan rediyon Isra'ila, har ya girma ya zama mai gabatar da shirye-shirye, kafin a sallame shi a 1988 saboda ya ƙi yarda a danne labarin ayyana ƙasar Falasɗinu. Ranar 10 ga Agusta 2006, ana tsakiyar yaƙin Labanon, shi da wasu marubuta biyu, Amos Oz da A. B. Yehoshua, suka tara 'yan jarida suka nemi gwamnatinsu ta yarda a tsagaita wuta. Kwana biyu bayan haka makami ya sami tankar yaƙin da ɗansa Uri yake ciki a kudancin Labanon. Shekararsa 20. Ranar 14 ga watan aka tsagaita wutar.

Na san tambayar da wasunku suke yi yanzu, don ni ma na yi wa kaina ita: me ya haɗa mu da kukan uban soja? Yaƙin nan ya ci 'yan Labanon fiye da dubu. A ƙauyen Ƙana kaɗai, ranar 30 ga Yuli, jirgin yaƙi ya kashe mutum 28, 16 daga cikinsu yara. Grossman kansa ya goyi bayan yaƙin a farkonsa. Daga Oktoban 2023 kuma mun ga yaran Isra'ila da aka kashe ranar 7 ga wata, mun ga dubban yaran Gaza ana zaro su daga ƙarƙashin gini. Ban zo in wanke kowa ba, kuma zan komo kan wannan magana, don tana cikin abin da nake tuhumar littafin da shi. Abin da nake roƙo kawai shi ne a bari mu ga abin da ke ciki tukuna.

Labarin gajere ne. Miji da mata suna zaune a kicin, ta zuba masa abincin dare, sai ya ce zai tafi. Ta ce ina? Ya ce can, wajen yaron. Shekara biyar ke nan da aka zo musu da labarin mutuwar ɗansu cikin dare, kuma tun daga lokacin ba su iya yin maganar ba. Matar ta ce masa babu wani wuri da ake kira can. Bai saurara ba. Ya fita ya fara kewaya gidan, sannan ya kewaya unguwar, sannan garin, kewayen yana ƙara faɗi. Da kaɗan-kaɗan wasu suka bi sahunsa: ungozoma mai in'ina, mijinta mai gyaran takalma wanda yake cika bakinsa da ƙusoshi, wata mata mai ɗinkin taru, tsohon malamin lissafi da yake rubuta ƙidaya a bangon gidaje, har Sarkin garin ya sauko ya shiga. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, mutuwar ɗa. Matar da aka bari a gida ta hau hasumiyar garin tana hangen su. Akwai kuma wani da ake kira Santor. A tatsuniyar Girkawa wannan halitta ce rabi mutum rabi doki, amma a nan rabinsa mutum ne rabinsa teburin rubutu, marubuci ne da ya manne a ɗakinsa ya kasa rubuta komai tun mutuwar ɗansa.

Ba a faɗi sunan garin ba, ba a faɗi zamanin ba. Iyayen ba su da suna, da sana'arsu ake kiran su. In suna ya fito, na yaron da ya mutu ne. Wannan zaɓi ya burge ni, don na ga gaskiyarsa a gidajen rasuwa: mutum yana nan da sana'arsa, yana auna hatsi, yana gyara babur, amma wanda ake kira da sunan nan ya tafi da yaron.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne kunne. Wani dare bayan an rufe tasha na zauna a ɗakin watsa shiri na karanta wasu shafuka da ƙarfi, ni kaɗai. Layukan gajeru ne, a kakkarye, wani kalma biyu, wani ɗaya. A ido sai ka ɗauka salon waƙa ne kawai. A baki kuwa sai ka gane an yanka su ne daidai inda numfashin mai kuka yake yankewa. Wanda bai yi aikin makirufo ba da wuya ya iya wannan. Akwai inda ɗaya daga cikin iyayen yake mamakin yadda zai shiga watan Satumba alhali ɗansa ya tsaya a Agusta. A nan na gane sunan littafin: mamacin ya daina tsufa, mai rai kuma kalanda tana jan sa gaba ba da sonsa ba.

Wanda ya fi kama ni a cikinsu shi ne Magatakardan gari. Aikinsa ya bi mutane cikin dare, ya leƙa ta taga, ya rubuta wa Sarki rahoton abin da ya gani. Yawancin sauran suna magana da layukan waƙa, shi kuwa da zube yake magana, irin Hausar ofis, a tsare, da girmamawa, kamar ba abin da ya shafe shi. Sai can a gaba mu gane shi ma ya rasa 'yarsa, kuma rubuta baƙin cikin wasu ita ce maɓoyarsa. Da na kai nan sai da na ajiye littafin. Ni ne mutumin nan. Muryar da nake karanta rasuwa da ita ita ce muryar da nake karanta farashin gero, an koya mana haka tun muna makarantar aikin jarida, kuma daidai ne. Amma Grossman ya san abin da ake ɓoyewa a bayan irin wannan murya, ya kuma bi a hankali ya kwance ta.

Abin mamaki, a littafin da Bayahude ya rubuta kan mutuwa ban gamu da majami'a ba, ban gamu da malamin addini yana jan addu'a ba. Amma ina ganin ba za a fahimci gininsa ba sai an san yadda Yahudawa suke makoki, don a kan wannan harsashi aka ɗora shi.

A al'adarsu, wanda aka yi wa rasuwa yakan tsaga rigarsa kafin a binne gawa. In an komo daga maƙabarta sai a fara zaman kwana bakwai da suke kira shiba, kalmar da take nufin bakwai, abin da zai tuna mana da namu zaman makoki da sadakar bakwai. Masu makoki suna zama a ƙasa ko a kan 'yar kujera, ana rufe madubai, ba sa fita aiki. Abincin farko ba su za su dafa ba, maƙwabta ne suke kawowa, galibi da dafaffen ƙwai. Mai zuwa gaisuwa ba ya fara magana, sai ya zauna shiru har mai makoki ya buɗe baki. In zai tafi, addu'ar da yake yi ita ce Allah ya sanyaya masa tare da sauran masu makoki, wato ana tuna masa cewa yana cikin ayari. Addu'ar da ake kira Kadish, wadda mai makoki yake karantawa, babu ambaton mutuwa a cikinta, yabon Ubangiji ce, kuma ba a yin ta sai mutum goma sun taru. Ma'ana dai an hana mutum ya yi baƙin ciki shi kaɗai a ɗaki. Makokin uwa ko uba yakan kai wata 12, na ɗa kuwa kwana 30 ne a shari'arsu. Harshensu ma yana da kalma ta musamman ga wanda ya rasa ɗa, shakul. Mu muna da maraya, muna da mai takaba, muna da wabi ga matar da 'ya'yanta suke mutuwa bi da bi, amma uban da ya binne ɗansa ɗaya ba mu ba shi suna ba.

Ga abin da ya fi muhimmanci ga wannan sharhi. A safiyar rana ta bakwai, a gidaje da yawa, 'yan uwa da abokai sukan ce wa masu makoki su tashi, su raka su waje, su kewaya unguwa a ƙasa, sannan su komo gida. Tafiya ce ta 'yan mintuna, ma'anarta ita ce an mai da su cikin jama'a. To, mutumin Grossman wannan kewayen yake yi. Bambancin shi ne nasa ya zo bayan shekara biyar, ba kwana bakwai ba, babu wanda ya ce masa tashi, kuma kewayen maimakon ya rufe a ƙofar gida sai ƙara buɗewa yake. Masu bin sa su ne mutum goman nan da addu'a ba ta yiwuwa sai da su, sai dai a nan babu mai lallashi a cikinsu, duka masu rauni ne. Kamar marubucin yana cewa ne: kwana 30 da kuka yanka mana ba su isa ba, ga abin da yake faruwa a rana ta 31 da duk ranakun da suka biyo. Wannan ita ce gardamar da littafin yake yi da al'adar da ta haife shi, kuma ya yi ta da kyau.

A ƙarshe matafiyan sun iske wani bango da ba ya ƙetaruwa. Sun haƙa ramuka, sun tuɓe, sun kwanta a ciki kamar matattu, don su ɗanɗana ko da kaɗan daga halin da 'ya'yansu suke ciki. Abin da suka samo bai wuce abin da aka faɗa musu tun ranar farko ba: yaron ya mutu. Sai dai yanzu bakinsu ya iya furta shi, zuciyarsu ta yarda. Santor kuma ya sami kalmomin da ya daɗe yana nema, samun nasu ma ya zame masa wani sabon ciwo, don ashe har wannan abu ana iya zuba shi a cikin magana.

Yanzu ga inda nake da ja.

Na farko ƙarami ne. Santor ya cika surutu kan wahalar rubutu. Marubuta suna son wannan batu fiye da yadda masu karatu suke son sa, kuma a tsakiyar littafin har na ƙosa in komo wajen ungozoma da mijinta, waɗanda ƙusa ɗaya a bakin mutumin ta fi shafi uku na bayani. Wajen bangon nan ma, inda fuskoki suke bayyana a jikin dutse, an ɗan cika gishiri. Littafin ya fi kyau a kicin fiye da a gaban abin al'ajabi.

Na biyu shi ne alkawarin da na yi a baya. Cire sunan ƙasa da tuta ya buɗe wa kowa ƙofa, har ni da nake Damagaram na shiga. Amma ya kuma sauƙaƙa wa marubucin hanya. A garin nan mutuwar yara tana sauka kamar ƙanƙara, wani ruwa ya ci shi, wani ciwo, wani yaƙi, duk ɗaya ne. Sarki yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai gyaran takalma, littafin bai tsaya ya tuhumi sarauta ba. Uwa a Ƙana tana da ikon ta ce: nawa ba ƙanƙara ce ta kashe shi ba, akwai wanda ya danna. Adalci dai shi ne in faɗi cewa Grossman bai gudu daga wannan magana a wajen littafi ba. A Nuwamban 2006 ya tsaya gaban dubban mutane a Tel Abib ya caccaki shugabannin ƙasarsa. A 2018 ya yi jawabi a taron tunawa da mamata da iyalan Isra'ilawa da Falasɗinawa suke yi tare, wanda cikin masu shirya shi akwai ƙungiyar iyayen da Yitzhak Frankenthal ya kafa a 1995 bayan an kashe ɗansa. Amma sharhi kan littafi nake yi, kuma a cikin littafin wannan gurbi yana nan a buɗe.

Na uku shi ne ya fi damuna. Duk muryoyin da suke ba da labarin na iyaye ne. Babu wa, babu ƙane, babu yaro mai rai da yake jira a gida a zuba masa abinci. Alhali al'adar da Grossman ya ɗauko rabinta tana da ɗaya rabin. Ko ana cikin zaman bakwai, in ranar Asabar ta shigo, wato daga faɗuwar ranar Juma'a, ana dakatar da makokin fili, a cire tsagaggiyar riga. A daren ne kuma, a gidajen da suke riƙe da al'ada, uba ko uwa sukan ɗora hannu a kan kowane yaro su sa masa albarka. Namiji a roƙa masa ya zama kamar Ifraimu da Manassa, mace kamar Saratu da Rifkatu da Rahila da Lai'atu, sannan a roƙa musu tsari da salama. Kowane mako ake yi.

Ku duba daga bakin wa wannan albarka ta fito. Ifraimu da Manassa 'ya'yan Yusufu ne, wanda ya fara sa musu ita kuwa kakansu ne Yaƙub, mutumin da ya yi shekaru yana kukan ɗansa. Mu ma mun san ƙissar, mun san yadda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. A littafinsu, shi ne ya yi amfani da kalmar nan ta rashin ɗa a kan kansa sa'ad da za a tafi da Biliyaminu. Rahila kuma, da ake roƙa wa 'ya mace ta zama kamarta, ita ce a littafin Irmiya aka siffanta tana kukan 'ya'yanta ta ƙi lallashi. Ke nan hannun da ya tsaga riga shi ne hannun da ake ɗorawa a kan yaro. Wanda ya san ɗa yana iya tafiya shi ya fi sanin abin da yake roƙo in ya ce Allah ya tsare.

Grossman ya san wannan fiye da ni. A jawabin da ya yi a bakin kabarin Uri ya ba da labarin yadda suka tashi ƙanwarsa da safe suka faɗa mata, ta yi kuka, sannan ta tambaye su ko za su ci gaba da rayuwa, suka rungume ta suka ce za su rayu. Wannan yarinya ba ta cikin littafin. Wataƙila ya kare ta ne daga idon duniya, kuma haƙƙinsa ne. Wataƙila kuma yana nufin cewa mai irin wannan ciwo ba ya ganin kowa, har 'ya'yansa da suka rage. In haka ne, gaskiya ya faɗa, amma da ya bar mu mun ji ko da tarin yaro ɗaya daga ɗaki, da mun san nauyin abin da mutumin ya juya wa baya da ya fita. Matar da ta ƙi bin sa ita ce mafi kusa da wannan matsayi, sai dai ita ma an ɗauke ta daga gidan an kai ta saman hasumiya.

Zan rufe da abin da ya faru a gidanmu, don shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kakata Abarshi take kira na. Duk Bahaushe ya san abin da wannan suna yake nufi: kafin ni an haifi uku, ba wanda ya kai yaye. Ban taɓa jin Inna ta ambaci ɗayansu ba, kuma ban san sunayensu ba. Bayan na gama littafin, wata Juma'a da yamma na je gaishe ta, na same ta tana tsince shinkafa. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na ce, "Inna, waɗanda suka riga ni, yaya sunansu?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Kai da yaranka ka zo?"

Na ce suna waje suna wasa.

Ta ce, "Kira mini su."

Na kira su. Ta ajiye faifan, ta jawo su ɗaya bayan ɗaya, ta tofa musu addu'a a ka, ta shafa, ta ce Allah ya raya, Allah ya yi albarka. Ta daɗe riƙe da ƙaramar. Sunayen dai har yau ba ta faɗa mini ba, ni kuma ban sake tambaya ba.

Ban ce hanyarta ta fi ta Grossman ba. Shiru irin nata yana da tsada, kuma mata da yawa a garin nan suna biyan sa su kaɗai, babu kwana bakwai, babu mutum goma, babu ko sanarwa a rediyo. Littafin nan ya ba irin su baki, shi ya sa nake ba duk mai jin Faransanci ko Ingilishi shawarar ya neme shi, ya kuma karanta shi da ƙarfi, ba a zuci ba. Sai dai in ya gama, ya san cewa rabin tafiyar aka ba shi. Ina da niyyar fassara wasu sassansa in gwada su a shirin dare, in hukumar tasha ta yarda. Abin da ya tsayar da ni zuwa yanzu shi ne na san su wa za su kira waya bayan shirin, kuma ban tabbata muryar nan tawa ta sanarwa za ta ɗauke ni ba.